Montado na Alentejo: Dajin da Noma da Kiwo Suka Gina, Suke Kuma Cinyewa

A kudancin ƙasar Fotugal, tsakanin kogin Tejo da tsaunukan Algarve, akwai yankin da ake kira Alentejo, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar amma mutanensa ba su da yawa. Abin da ya fi cika ido a can shi ne fili mai tudu da gangare, da bishiyoyi masu faɗin kai a tsaitsaye jefi-jefi, ƙarƙashinsu kuma ciyawa ce ko hatsi ko garken dabbobi. Mutanen wurin suna kiran irin wannan fili montado, maƙwabtansu na Sifaniya kuwa suna ce masa dehesa. Bishiyoyi iri biyu ne suka riƙe shi, kuma 'yan gida ɗaya ne. Akwai azinheira, wadda ta fi yawa a gabashin yankin inda ruwa ya yi ƙaranci, ana kuma darajanta ta saboda 'ya'yanta da gawayinta. Akwai kuma sobreiro, wadda ta fi son ɓangaren yamma mai jin iskar teku, kuma ita ce wannan nazari ya fi mayar da hankali a kanta, domin ɓawonta ne dukiyar yankin.

Wannan ɓawo yana da kauri, ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, ba ya kuma saurin kama wuta. Da shi ake yin matoshin kwalba, musamman kwalaben giyar inabi, waɗanda su ne suka fi kawo kuɗi, sannan ana yin daɓen ɗaki da tafin takalmi da gaskit na injuna da allunan tsare zafi. A duniya kaf, filin da sobreiro ke tsirowa bai wuce hekta miliyan biyu da 'yan kai ba, a Fotugal da Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Italiya da Faransa. Fotugal kaɗai tana da kusan hekta 720,000 bisa ƙididdigar dazuzzukanta ta 2015, tana kuma samar da kusan rabin ɓawon da ake sayarwa a duniya, kuma daga 2018 abin da take samu a shekara daga fitar da kayan ɓawo ya haura yuro biliyan ɗaya.

Ba za a gane matsalar montado ba sai an fara gane lokacin bishiyar, domin komai a kansa ya rataya. Ba a taɓa sobreiro da gatari sai kewayen gangarta ya kai santimita 70 idan aka auna a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, wanda yakan ɗauki kimanin shekara 25. Ɓawon farko mai kaushi ne da tsage-tsage, sai dai a niƙa shi. Doka ta hana a sake ɓare bishiya kafin shekara tara, kuma ɓawo na biyu ma bai kai a yi matoshi mai kyau da shi ba. Sai a karo na uku, lokacin da bishiyar ta haura shekara arba'in, ake samun wanda suke kira amadia, wanda ake auna shi da arroba, ma'auni mai kilo 15, ana ciniki a kansa. Daga nan bishiya tana iya ci gaba da bayarwa har ta kai shekara ɗari biyu. Aikin ɓarewa na watannin zafi ne, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da ɓawon ke saki ba tare da ya yago naman da ke ƙarƙashinsa ba. Masu aikin sukan tafi biyu-biyu, mutum ya tsaga ɓawon a tsaye da bakin gatari, ya zagaye shi da sara a sama, sannan ya juya ƙotar gatarin, wadda aka fiƙe ƙarshenta, ya cusa ta a tsagar ya ɓamɓaro falle guda mai tsayin mutum. Gangar da aka tuɓe takan fito da launin ruwan ɗorawa, bayan 'yan makonni ta koma ja kamar jan ƙasa, sai a rubuta mata lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti, ta yadda duk wanda ya ga 4 a jikinta ya san an ɓare ta a 2024 kuma ba za a dawo mata ba sai 2033. Sara ɗaya da ya zarce ya shiga nama yana barin tabon da bishiyar za ta ɗauka har ƙarshen rayuwarta, shi ya sa ladan waɗannan ma'aikata yake cikin mafi tsada a aikin gona na ƙasar. A ƙauyen Águas de Moura akwai wata sobreiro da aka shuka a wajajen 1783, wadda a 1991 kaɗai ta ba da ɓawo fiye da kilo 1,200, kuma har yanzu tana tsaye.

Duk da wannan tsufa, montado ba dajin Allah ba ne da aka tarar haka. Aikin hannun mutum ne, kuma yawancinsa bai daɗe ba kamar yadda ake zato. Dokokin sarakunan Fotugal sun fara kare sobreiro tun ƙarni na 13, amma har zuwa ƙarni na 18 babban ɓangaren Alentejo sarƙaƙiya ce ta ƙananan itatuwa, wadda makiyaya da masu gawayi da mafarauta ke ratsawa. Abubuwa uku ne suka haɗu a ƙarni na 19 suka sauya ta. Kasuwar matoshin kwalba ta bunƙasa a Turai, jirgin ƙasa ya iso biranen yankin, Évora a 1863 da Beja a 1864, sannan gwamnati ta kafa dokokin kare alkamar gida daga ta waje a 1889 da kuma 1899, ta biyun tana ɗauke da sunan minista Elvino de Brito. Masu manyan gandaye suka shiga bai wa talakawa masu aron gona sarƙaƙiya su sassabe, su noma, su biya da kason amfani, da sharaɗin su bar ƙananan sobreiro da azinheira da suka tarar a ciki. Ke nan bishiyoyin da suka zama montado ba dasa su aka yi ba, tsira suka yi da kansu a inuwar sarƙaƙiya, aka zo aka share abin da ke kewaye da su aka bar su. Wannan batu yana da muhimmanci, domin yana nufin cewa tsarin ya fara ne da jarin matasan bishiyoyi da ya gada daga dajin da ya kawar, kuma tun daga lokacin yake cin wannan jari.

Tsarin da ya kafu a lokacin yana da nasa ma'auni. Ana noma alkama ko wani hatsi shekara ɗaya ko biyu, sannan a bar gona ta huta shekaru da dama tana zama makiyayar tumaki. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da 'ya'yan bishiyoyin ke zuba, ana sako baƙaƙen aladun yankin su yi ƙiba a kansu, abin da ake kira montanheira. Rassan da aka datse suna zama itacen girki da gawayi. Garmar da alfadarai ko shanu ke ja ba ta shiga ƙasa da zurfi, kuma mai riƙe da ita yana ganin ƙaramin tsiro a gabansa, yana iya kauce masa. Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da kima ba, domin ya tsaya ne a kan gumin 'yan ƙodago marasa ko taki ɗaya na ƙasa, waɗanda ke samun aiki rabin shekara su yi yunwa a sauran rabin. Amma ta fuskar bishiya, hutun gona mai tsawo da sauƙin garma da ƙarancin manyan dabbobi sun bar wata ƙofa da sabon tsiro ke bi ya girma.

Ƙofar ta fara tsukewa a 1929, lokacin da gwamnatin soja ta ƙaddamar da Gangamin Alkama ƙarƙashin ministan gona Linhares de Lima, shirin da mulkin kama-karya na Salazar ya ci gaba da shi. Manufar ita ce ƙasar ta ciyar da kanta, don haka aka tsayar da farashi mai tsoka, aka ba da bashi, har aka riƙa biyan lada a kan kowace hekta ta sabuwar ƙasa da aka sassabe. Garma ta hau gangaren duwatsu masu siririyar ƙasa da ba su taɓa dacewa da hatsi ba, aka kuma gajarta hutun gonaki. An yi 'yan shekaru na girbi mai yawa a farkon shekarun 1930, daga baya ƙasa ta gaji, ruwan sama ya wanke samanta, amfani ya faɗi. Zaizayar da aka yi a lokacin har yau ana ganin ta a yankunan Mértola da tsaunukan kudu. Guguwar 15 ga Fabrairu 1941 ta zo ta tumɓuke bishiyoyi masu ɗimbin yawa a kan wannan rauni.

Bugu na gaba daga Afirka ya zo. A 1957 zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla kusa da Lisbon, karo na farko da aka gan shi a wajen nahiyar, ya sake dawowa a 1960, kuma Fotugal ba ta rabu da shi ba sai a shekarun 1990. Kiwon aladu a sake ya rushe, da rushewarsa kuwa 'ya'yan azinheira suka rasa mai saye. Bishiyar da ba ta kawo kuɗi ta zama cikas ga tarakta, wadda a daidai wannan lokaci take maye gurbin alfadarai, saboda 'yan ƙodago suna ta ƙaura zuwa unguwannin masana'antu na Lisbon da Setúbal ko zuwa Faransa da Jamus. An sare azinheira da yawa an yi gawayi. Sobreiro ta tsira daga gatari saboda ɓawonta, amma ba ta tsira daga haro ba. Saiwoyinta masu shan ruwa da abinci suna shimfiɗe ne kusa da saman ƙasa, suna kuma miƙewa nesa da inda inuwarta ta tsaya, don haka duk lokacin da aka ja haro mai nauyi domin share ciyayi, ana yanka su ba tare da an gani ba, ana kuma niƙe duk wani tsiro da bai kai gwiwa ba. Bishiyar ba ta faɗuwa a shekarar. Ganyenta ne ke raguwa a hankali, kanta ya yi shara-shara, bayan shekara goma ko ashirin ta bushe, lokacin da babu mai tuna ranar da aka yi mata raunin.

Juyin juya halin 25 ga Afrilu 1974, wanda ya kifar da mulkin kama-karya, ya kawo rabon filayen noma. A 1975 ma'aikatan gona sun mamaye fiye da hekta miliyan ɗaya, yawanci a Alentejo, suka kafa gonakin haɗin gwiwa, sannan daga dokar 1977 aka fara mayar da filayen ga masu su na da, aikin da ya ja shekaru. Ana ta muhawara a Fotugal kan wanda ya fi yi wa bishiyoyin illa a wannan tsakani, kuma kowane ɓangare yana da nasa labari. Abin da ba a musu a kansa shi ne cewa wanda bai san ko gonar za ta kasance a hannunsa baɗi ba, ba zai ɓata kuɗi a kan tsiron da sai bayan shekara arba'in zai biya ba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma itacen turare, wato yukaliftus, ya bazu domin masana'antar takarda, saboda ana sare shi duk bayan shekara goma zuwa goma sha biyu, har ya zama a yau ya fi sobreiro faɗin fili a ƙasar.

Sauyin da ya fi tasiri a zamaninmu ya biyo bayan shigar Fotugal Tarayyar Turai a 1986. Garambawul ɗin da aka yi wa manufar noma ta Tarayyar a 1992 ya rage farashin hatsi, ya kuma ƙarfafa biyan tallafi a kan kowane kan dabba, kuma ko da aka sake garambawul a 2003 aka raba yawancin tallafi da yawan abin da manomi ya samar, Fotugal ta zaɓi ta ci gaba da biyan kuɗi a kan kowace saniya mai shayarwa. Lissafin mai gandu a bayyane yake: tumaki suna bukatar makiyayi, makiyayi kuma ya yi wuya ya yi tsada, shanu kuwa waya kawai za a kewaye musu a bar su. Shanu suka ƙaru ƙwarai a Alentejo, da yawansu manyan irin waje ne kamar Limousin da Charolais ko ruwa-biyunsu, waɗanda suka fi na gida nauyi. Tunkiya tana cin tsiro, amma da zarar ya fi ƙarfin bakinta ya tsira. Saniya kuwa tana cin ganyen da ya kai tsayin mutum, tana karya matashiyar bishiya da ƙirji ko da soshe-soshe, tana kuma daddaɓe ƙasa da kofato har ruwa ya kasa shiga. Ga shi kuma yanzu dabbobin suna cikin fili ɗaya rani da damina, babu lokacin da ƙasa ke hutawa. Ƙa'idojin tallafin ma sun daɗe suna rage kuɗin filin da ƙananan itatuwa suka rufe, alhali a cikin irin wannan duhuwa ce tsuntsun gaio, ɗan dangin hankaka, yake binne 'ya'yan sobreiro domin ajiya ya manta da wasu, kuma a inuwarta ce tsiron ke tsallake zafin bazararsa ta farko.

A gaskiya wannan garambawul na 1992 ya zo da tallafin dasa bishiyoyi a gonakin da aka daina nomawa, kuma an dasa dubban hektoci na sobreiro da shi. Wannan ne ya sa idan aka dubi jimillar faɗin fili a ƙididdigar ƙasa, sai a ga kamar ba abin da ya faru. Sai dai sabon dashe a layi a wani wuri ba ya cike gurbin tsohon montado da ke yin sako-sako a wani wurin. Masu bincike na Jami'ar Évora, da suka kwatanta taswirori da hotunan sama, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2006 montado ya ragu da kimanin hekta 90,000 a Alentejo, wato fiye da hekta dubu biyar a kowace shekara, kuma mafi yawan wannan asara ba ta sarewa ba ce. Fili ne mai bishiya arba'in a hekta yake komawa mai ashirin, daga nan mai goma, har ranar da mai zana taswira zai rubuta shi a matsayin makiyaya.

Inda aka yi sarewa a fili shi ne Alqueva. An rufe ƙofofin wannan madatsar ruwa da ke kan kogin Guadiana a Fabrairun 2002, ta haifar da tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 250, kuma kafin ruwa ya hau an sare bishiyoyi fiye da miliyan ɗaya, da yawansu azinheira. Ruwan ya buɗe ƙofar ban ruwa ga fiye da hekta dubu ɗari, inda yanzu ake da gonakin zaitun da almon da aka dasa a matse kamar shinge domin inji ya girbe su. Farashin ƙasa ya tashi, kuma duk montado da ke kusa da bututun ruwa ya shiga gasa da amfanin da ke biya a shekara ta uku.

A ɗaya gefen kuma akwai wuraren da matsalarsu rashin mutane ce. A tsaunukan Caldeirão da ke kan iyakar Alentejo da Algarve, da wasu sassan tsaunukan Grândola, filaye ƙanana ne, masu su sun tsufa ko sun koma birni, ba noma ba kiwo. Wani ɗan itace mai danƙo da ake kira esteva ya rufe ƙasa, yana ƙwace ruwa daga bishiyoyi, yana kuma ci da wuta kamar an zuba masa fetur. Sobreiro mai cikakken ɓawo tana iya jure gobara ta sake tohowa, amma wadda aka ɓare shekara ɗaya ko biyu da suka wuce tsirara take. Gobarar 2003, wadda ta ƙone fiye da hekta 400,000 a faɗin ƙasar, da ta Caldeirão a 2004 da 2012, sun nuna haka. Mai fili da ya yi asarar ɓawon shekara tara a yini ɗaya ba kasafai yake da ƙarfin sake farawa ba, sai ya ƙara ja da baya, esteva ta ƙara samun wuri.

A kan duk wannan ne cuta da fari suke sauka. Tun farkon shekarun 1990 masana suka danganta mutuwar bishiyoyin da wata ƙwayar cuta mai zama a ƙasa, Phytophthora cinnamomi, wadda ke ruɓar da ƙananan saiwoyi, tana kuma yaɗuwa ta ruwa da laka, har da lakar da ke manne a tayar tarakta da kofaton shanu. Fari mai tsanani, irin na 2005 da 2017 da 2022, yana samun bishiya da rabin saiwoyinta, sannan ƙwari masu huda itace su ƙarasa ta. Yana da sauƙi a ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi, kuma lallai yana da kasonsa, amma gandaye biyu masu iyaka da juna, ruwan sama ɗaya, ƙasa iri ɗaya, sukan bambanta ƙwarai gwargwadon yawan shanu da yadda ake share fili, kuma wannan bambanci na hannun mutum ne.

Doka tana da ƙarfi a takarda. Dokar 169/2001 ta hana sare sobreiro ko azinheira, ko da busasshiya ce, sai da izinin hukumar kula da dazuzzuka, kuma a Disamban 2011 majalisar dokoki ta ayyana sobreiro a matsayin bishiyar ƙasa. A ganina raunin dokar shi ne cewa abin da ta fi iya karewa shi ne bishiyar da ta riga ta girma, wadda jami'i zai iya ƙirgawa ya ga kututturenta idan an sare. Tsiro mai ganye huɗu da saniya ta lashe da safe ba ya barin shaida. Manoman Maraɗi da Damagaram za su gane wannan magana, domin gonakinsu na gawo da gero tsari ne mai kama da montado, kuma abin da ya dawo da bishiyoyi a can daga shekarun 1980 shi ne sassaben zamani, wato barin toho da kula da shi a lokacin sharar gona, tare da tabbacin cewa bishiyar da manomi ya rena tasa ce. Bambancin shi ne gawo yana fara amfanar gona cikin 'yan shekaru, sobreiro kuwa wanda ya rene ta ba lallai ne ya ga kuɗin amadia ɗinta ba.

Hanyoyin gyara sanannu ne, kuma gandayen da ke bin su suna nuna sakamako. Ana maye gurbin haro da injin da ke yanke ƙananan itatuwa a saman ƙasa ba tare da ya tona ta ba, ana barin tsibiran duhuwa da gangan, ana sa wa kowane tsiro kejin waya mai ƙarfin da saniya ba za ta ture ba, ko a rufe wani yanki ga shanu na shekaru da dama, ana kuma shuka ciyawa mai haɗe da dangin wake domin ƙasa ta farfaɗo. Duka suna cin kuɗi yau, ribarsu kuma tana nesa. Masana'antar ɓawo, wadda cibiyarta ke Santa Maria da Feira a arewa kuma kamfanin Amorim ke jagoranta, ta sha da ƙyar a farkon shekarun 2000 lokacin da murfin roba da na ƙarfe suka ƙwace mata kasuwa, yanzu kuma damuwarta ita ce ƙarancin ɓawon kansa. Shi ya sa ta shiga gwajin dasa sobreiro a matse tare da ban ruwa na ɗigo, wanda ke sa a iya ɓarewar farko cikin kimanin shekara goma. Wannan zai iya ciyar da masana'anta, amma gonar bishiya ce, ba ta ɗaukar garke, ba ta kuma zama mafakar gaurakan da ke zuwa daga arewacin Turai su yi hunturu a montado ko kyanwar dajin Iberiya da aka fara sake saki a yankin Mértola.

Gwajin da ya fi kusa da tushen matsalar shi ne wanda aka shigar cikin shirin noma na ƙasar na 2023 zuwa 2027, inda a wasu zaɓaɓɓun yankuna ake biyan mai gandu gwargwadon abin da aka tarar a filinsa, kamar lafiyar ƙasa da yawan matasan bishiyoyi, maimakon yawan dabbobinsa. Yankunan da shirin ya shafa kaɗan ne idan aka kwatanta da faɗin montado, kuɗinsa kuma bai kai na tallafin shanu ba, wanda har yanzu ake biya. Wa'adinsa shekara biyar ne, alhali tsiron da aka sa wa keji a 2023 ba zai kai a ɓare shi ba sai wajajen 2048, amadia ɗinsa kuma sai wajajen 2066.